Kawu Ya Dubi Gabas Bai Ga Toka Ba

Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Ina fatan Anti Rabi da yara suna lafiya. Mu nan Kebbe alhamdulillahi, sai dai raina a ɓace yake.

Ka turo wa Kawu Sani saƙo cewa dutse ya yi aman wuta, an hana jirgin su Baba tasowa daga Jidda don tokar tana kashe injin jirgi. To, bai faɗa wa kowa ba. Wai ya fita bayan asuba ya dubi gabas, ya ga sama tas. Ya ce, "Ni da nika duban hadari tun ba a haife ku ba, ban ga komi ba."

Haka muka cika mota biyu zuwa Sakkwato tarbar mai Umara, har da Inna da ciwon gwiwarta. Muka yini a rana a filin jirgi. Sai da la'asar ya ciro waya ya nuna mana saƙonka, ko kunya babu.

Bayan kwana uku Kawu ya ce ka ce yau ne Baba zai sauka. Babu wanda ya yarda da shi, ga layinka ba ya shiga. Baba ya sauka bai ga kowa ba. Daga Tambuwal a bayan mashin ya ƙaraso gida, rungume da jarkar Zamzam.

Don Allah daga yau ni za ka riƙa kira. Ka gaida mutanen gida, ka sa Inna a addu'a, har yanzu a zaune take salla. Baba kuwa ya raba mana ruwan Zamzam kamar ba abin da ya faru, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Ƙanwarka,
Hadiza