Baba Ya Kasa Hawa Motar

Yaya Abdulganiyu,

Na tafi likita karɓo maganin Baba, ban so in tashe ka ba.

Jiya kana Maraɗi aka kawo babbar motar kat-kat ɗin da ka zaɓa. Baba ya sa babbar riga, ya ce a kai shi Birnin Lalle ya ga shanunsa. Motar ta yi masa tudu. Sau uku yana ɗaga ƙafa, ta ƙi kaiwa. Direba zai ɗauke shi, ya ce, "Kul! Maƙwabta na kallo." Ya koma ɗaki, ko fura bai sha ba.

Don Allah gusar da ita daga ƙofar gida kafin ya fito. Ni kam na fid da rai zai sake ganin shanun nan.

Hamdiya