Burin Bana da Yaran Tozai

Daren Litinin, makon farko na komawa makaranta

Yau muka yi taron tsara burin shekara, kuma har yanzu hankalina bai kwanta ba. Shugaban makaranta ya ce bana ba ya son ganin ɗalibi ko ɗaya ya faɗi jarrabawar fita. Kowa ya tafa. Amma bai ambaci darasin yamma da muka roƙa tun bara ba, balle littattafai.

Bayan taro ya ja ni gindin dalbejiya yana murmushi. "Malam Sani, yaran ƙauyukan Tozai da Garu da ke ɓacewa lokacin girbin gero, ba gara su maimaita aji ba? Tausayinsu nika ji."

Na ce, "Ranka ya daɗe, mi za mu canza musu in sun maimaita?" Sai ya ce za mu yi magana.

Yaushe ya fara tausayinsu? Nasiru na cikinsu, yaron da ya fi kowa lissafi a ajina. In aka tsame su daga jarrabawar, sakamako zai yi kyau ba tare da an koya wa kowa komai ba.

An ce zato zunubi. Amma da zan tafi gida, na hango shugaban gindin dalbejiyar tare da malamin Turanci, yana wannan murmushin.