Ruwan Amaryata

Dogon Dutsi, 6 ga Afrilu

Zuwa ga aminina Yero na Dumega,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarka da ta Inna Balki da yara, da shanun da ka fi so a kan mutane. Mu nan lafiya lau, sai zafi.

Albishirinka, Bafillace. Sahura matar ɗana Luƙman ta sauka lafiya, an samu ɗiya mace. Shekara bakwai muna jira. Jiya aka yi suna, Mubarika. Uban yana Agadas wurin aiki, sai bayan salla zai zo, don haka ni na yanka rago, ni na yi mata huɗuba. Na yi amarya, Yero. Na gaya wa uwargidana Kaltume ta tattara tsufanta ta ba mu wuri, ta ce in tafi da amaryar ta dafa mini tuwo.

Ka tuna alkawarin da muka yi wa malaminmu na yaƙi da jahilci, cewa za mu riƙa rubuta wa juna don kada hannu ya manta? Yau karatun ya yi mini rana. Ruwan pompo a unguwarmu sai ya kwana uku bai zo ba, in ya zo kuma ja ne, yana warin ƙarfe. Na ce amaryata ba za ta sha wannan ba. Na je kasuwa na duba ledojin piya wata ɗaya bayan ɗaya, har na samu wadda aka rubuta da Hausa: ruwa mai tsabta, an tace shi. Da idona na karanta, ban tambayi kowa ba.

Da shi nake wanke rubutun da Malam Sharif ya yi mata na tsari. Ungozomar likita ta ce nono kaɗai har wata shida, ko ɗigon ruwa kada a ba ta. To, su ma ai da rubutu aka raine su. Kullum da safe in Sahura ta shiga wankan jego a kawo mini jaririyar, sai in ɗiga mata cokali guda. Tana lasar baki kamar ta san daɗi. Wannan tsakanina da kai ne.

Kai da ke sha tare da shanu a tabki, ka zo ka ga yadda 'yan birni ke shan ruwa.

Naka har kullum,
Sama'ila

Dogon Dutsi, 29 ga Afrilu

Aminina Yero,

Ina gaishe ka, ina fatan kuna lafiya.

Mubarika ta rasu ranar Talata da hantsi. Kwananta ashirin da shida a duniya. Zawo ne da amai, kwana biyu kacal. Mun kai ta likita, aka nemi jijiyar da za a sa mata ƙarin ruwa, aka sha wuya kafin a samu. Maɗigarta ta faɗa ciki. Ni na ɗauke ta zuwa maƙabarta, ba ta kai nauyin tiyar hatsi ba.

A likita majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya tambaya ko an ba ta wani abu ban da nono. Sahura ta rantse ba a ba ta ba, Kaltume ma ta rantse. Ina tsaye a bakin ƙofa, na ji tambayar sarai, ban buɗe baki ba.

Shekaranjiya ma'aikatan tsabta suka rufe gidan da ake ɗura wannan piya wata, don yara da yawa sun kwanta a unguwa. Na bi mutane na je na gani. Tanki ne na siminti a buɗe, da gansakuka a gefensa, ruwan kuma a amalanken jaki ake kawo shi daga inda aka samu. Injin tacewar yana jingine a kusurwa, kaji na kwana a kansa. Ledojin suna nan tuli guda, da rubutun nan da na karanta.

Abin da ya fi cin raina shi ne maganar matan da ke zuwa gaisuwa. Sun ce nonon Sahura ne ba shi da kyau, wasu sun ce ruwan pompo da take sha ne ya ɓata shi, wata tsohuwa daga Matankari ta ce doguwa ce ta taɓa ƙirjinta. Sahura ta yarda. Ta daina cin abinci. Kaltume ta ji ta tana roƙon Luƙman gafara a waya.

Kai kaɗai ka san zancen cokalin. Ka ƙona wasiƙar farko, don Allah.

Naka,
Sama'ila

Dogon Dutsi, 12 ga Mayu

Aminina Yero,

Bayan gaisuwa, na gode da ta'aziyya, Allah ya ba da lada. Direban motar Tibiri ya kawo mini amsarka, da wasiƙata ta farko a naɗe a ciki. Layi biyu ka rubuta, cewa ba ka ƙona takardar mutum, kuma mai ita ya fi ka sanin wanda ya kamata ya ji ta. Na yi fushi da kai kwana biyu.

Ranar Juma'a bayan la'asar na tara su a tsakar gida: Kaltume, Sahura da uwarta, aka kira Luƙman a waya aka ajiye ta a kan tabarma. Na sa tabarau na karanta musu wasiƙar tun daga gaisuwa, ban tsallake ko wasan amarya ba. Da na kai wurin cokali sai da na maimaita layin. Luƙman ya kashe waya, har yau bai kira ni ba. Kaltume ta rufe fuska da mayafi. Uwar Sahura ta ce kwana ne ya ƙare, amma ba ni ta duba ba da ta faɗa.

Washegari na koma wurin majo na ba shi amsar tambayarsa. Ya ce ba zai iya rantsuwa cewa ruwan ne ba, tun da ba a auna ba, amma ya tabbata ba nono ba ne. Na roƙe shi ya rubuta mini wannan a takarda, ya rubuta, na kai wa Sahura. Ba ta yi lakwal ba, ba ta iya karatu, ni na karanta mata. Ta karɓa ta ƙulle a bakin zane.

Ta fara cin abinci. Tun ranar ba ta ce mini komai ba ban da gaisuwar safe. Amma ita ce dai ke kawo mini ruwa in na dawo daga masallaci, ta durƙusa ta ajiye kwanon, idonta a ƙasa. Yanzu tana tafasa shi a tukunya, ba wanda ya sa ta. Jiya ta kawo shi bai gama hucewa ba, yana warin hayaƙi. Na shanye duka.

Ka gaishe da Inna Balki. In ka samu hali ka zo, ba ni da wanda zan zauna da shi.

Amininka,
Sama'ila