Na Sayar Da Shafina Har Da Lambobin Matan Da Suka Yarda Da Ni

Assalamu alaikum Anti Joda. Don Allah ki taimaka mini da shawara, abin nan ya tokare mini a ƙirji, kuma duk wanda zan faɗa wa a nan Gombe ya san mutanen da abin ya shafa. Ki ɓoye sunana na gaskiya, ki kira ni Maman Amir kawai.

Ni matar aure ce, ina zaune a Hammadu Kafi da mijina da yaranmu. Na yi karatun kwamfuta, amma aiki bai samu ba, sai na zauna a gida. Abin ya faro ne a bikin ƙanwata. Mun sha wuya wajen neman mai lalle da mai tuwon biki da mai turaren wuta. Ki tambayi wannan ta tura ki wajen waccan, ki je ki tarar ta tashi daga unguwar. Ƙawata Hilda, 'yar Kaltungo ce, tun sakandare muke tare, ita ta ce mini me zai hana mu tara matan nan wuri guda a intanet, tunda na iya haɗa shafi. Da wasa ta faɗa, ni kuwa na riƙe maganar.

Na haɗa shafin da sunana. Ba komai a cikinsa sai matan Gombe masu sana'ar biki a cikin gidajensu: masu lalle, masu ɗinki, masu girki, masu kek, masu gyaran amarya, kowace da unguwarta da hoton aikinta. Haɗa shafin bai ba ni wahala ba, samun matan ne aiki. Ni da Hilda muka riƙa hawa keke napep muna bin gidaje, Dawaki, Nasarawo, har bayan gari. Ita tana shiga wajen matan cocinsu, ni ina shiga gidajen da sai an yi sallama da maigida. Da yawa mazan ba su so ba. Abin da ya sa suka yarda shi ne alkawarin da na yi musu da bakina, cewa ba za a ga lambar wayar matar kowa a fili ba. Mai neman aiki zai rubuto ta shafin, ni zan duba, in na ga da gaske yake sannan in haɗa su.

Allah Ya sa wa abin albarka. Shiga kyauta ne, amma wadda take son aikinta ya fito a sama tana ba da ɗan wani abu duk wata. Daga baya masu ɗakin taro da masu kayan ɗaki suka fara kawo talla. Ban yi arziki ba, amma na daina miƙa hannu a kan kowace ƙaramar buƙata. Akwai matan da suka ce mini daga shafin nan suka fara ganin ciniki daga unguwannin da ba su taɓa takawa ba.

Sai Hilda ta samu aikin koyarwa a Billiri, ta ce in ci gaba da riƙewa. Aikin ya dawo kaina ni kaɗai. Anti, wayata ba ta hutawa. Ina girki ana kira, ina wajen gaisuwar mutuwa ana kira. Uwar amarya ta zage ni don mai lalle ta makara, mai lalle ta yi fushi don an rage mata kuɗi. Maigidana ya fara ƙorafi, kuma ban ga laifinsa ba. Ana cikin haka idon mahaifiyata ya lalace, likita ya ce sai an yi aiki.

A daidai lokacin wani saurayi mai suna Abdulaziz ya neme ni, ya ce kamfaninsu na Abuja yana son sayen shafin. Yaro mai ladabi, har gida ya zo ya gaida maigidana. Na faɗa masa zancen lambobin, ya ce kada in damu, babu abin da zai canza sai dai gyara. Ya turo takarda mai shafuka da yawa da Turanci, na karanta sama-sama na sa hannu. Ban nuna wa lauya ba. Ban kira Hilda ba, don na san za ta ce in dakata, ni kuwa ba na son jin haka. Ban faɗa wa ko mace ɗaya daga cikin matan ba. Aka yi wa Inna aiki, yanzu tana gani, alhamdulillahi.

Ba a jima ba na buɗe shafin na ga lambar kowace mace a fili, ƙarƙashin sunanta da unguwarta. Gefe da gefe kuma tallar caca da ta masu ba da bashi ta waya. Edna, mai yin kek a Dawaki, hoton aikinta yana manne da tallar caca, har matan cocinsu suka tambaye ta ko da saninta.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Suwaibatu, mai lalle a Nasarawo. Mijinta Malam Babayo sai da na yi ta zarya kafin ya amince, a ƙarshe ya ce don ni ya yarda. Maza suka fara kiranta suna maganar banza. Wata rana wayar tana hannunsa wani saƙo ya shigo, irin wanda ba zan iya rubuta miki ba. Ya karɓe wayar, ya ce ta bar sana'ar. Da lallen nan take biya wa babbar 'yarta makaranta. Na haɗu da ita a gidan suna, ina ta neman hanyar ɓuya, ita ta zo ta gaishe ni, ta tambayi yara da jikin Inna. Da za ta tashi ta ce, “Maman Amir, da kin faɗa mana.” Iyakar abin da ta ce ke nan. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Hilda ma ba ta yi faɗa ba. Ta ce shafin nawa ne, ba ta musu, amma da fuskarta ta shiga gidajen mutane. Tun daga nan gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Na kira Abdulaziz, ya ce in koma in karanta takardar, shafin da duk abin da ke ciki nasu ne, wadda take son a cire ta sai ta rubuto da kanta. Na koma na karanta, na tarar har da sharaɗin ba zan buɗe makamancinsa ba sai bayan wasu shekaru. Maigidana ya ce ciniki ya ƙare, in bar maganar kada in jawo mana shari'a. Wani lokaci ina jin kamar in hau Fesbuk in tona musu asiri. Wani lokaci in ce ko in buɗe sabo da sunan Hilda a ɓoye, in ta yarda. Kuɗin dai an kashe, ba zan iya mayarwa ba. Ina guje wa bukukuwa, ni da kowane biki ake nemana. Anti, yaya zan yi?

Maman Amir, Gombe

AMSA

Wa alaikumus salam Maman Amir. Allah Ya ƙara wa Inna lafiya.

Bari in fara raba miki abu biyu da kika cakuɗa. Sayar da shafin ba laifi ba ne. Guminki ne, kin gaji, mahaifiyarki tana buƙata, kuma mutane da yawa suna gina irin wannan shafin ne don su sayar wata rana. Kada ki yi nadamar idon Inna. Inda kika kauce shi ne lambobin. Amana aka ba ki a kan sharaɗi, kika miƙa ta ga wani ba tare da kin tambayi masu ita ba. Kin san haka, ba sai na tsawaita ba.

Maigidanki yana da gaskiya a wuri ɗaya: kada ki hau Fesbuk. Za ki huce na yini guda, sannan ki ba kamfanin hujjar maka ki a kotu, ki kuma ƙara tallata shafin ga irin mazan da ke kiran Suwaibatu. Buɗe sabo da sunan Hilda ma ki cire shi daga ranki. Ɓoye-ɓoye ne ya kawo ki nan, kuma bai kamata ki jefa ƙawarki cikin wata rigimar ba. Amma ban yarda da shi ba cewa magana ta ƙare. Cinikinki da kamfani ne ya ƙare, tsakaninki da matan nan da sauran magana.

Abdulaziz ya nuna miki ƙofa, ko da gatse ya yi. Ya ce wadda take so a cire ta ta rubuto, to ki sa su rubuta. Ki sake hawa keken nan ki bi gidajen da kika bi a da, ki faɗa wa kowace abin da ya faru da bakinki, kada ki turo saƙo. Yawancinsu ba su san suna da ikon cewa a cire su ba. Ki taimaka wa mai so ta rubuta buƙatarta, a tura, a ajiye shaidar turawa. Wadda kuma ta ce a bar ta don tana samun ciniki, ki bar ta, zaɓinta ne, sai dai ki ba ta shawara ta ware layin sana'a daban da na gida.

Ki kai takardar nan wajen lauya, ku je tare da maigidanki don hankalinsa ya kwanta. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane, lauya zai faɗa miki ko abin da aka yi da lambobin ya saɓa mata, da kuma iyakar abin da sharaɗin nan ya hana ki. Wataƙila bai kai faɗin da kike tsoro ba. Ni ba lauya ba ce, ba zan yanke miki ba.

Gidan Suwaibatu kuwa da shi za ki fara. Ki roƙi maigidanki ya yi sallama da Malam Babayo, namiji da namiji, ke ki shiga ciki. Abin da ake so ya ji shi ne matarsa ba ta ba kowa lambarta ba, daga hannunki ta fita. Wannan wanke ta ne, kuma ke kaɗai za ki iya yi mata. Ko zai mayar mata da sana'ar ko ba zai mayar ba, ba a hannunki yake ba, kada ki matsa masa a ranar.

Hilda kuma ki je Billiri ki same ta. Kada ki je da bayani mai tsawo, ta riga ta san dalilanki. Ki ce mata kin ƙi kiranta ne don kin san gaskiya za ta faɗa miki. Ki roƙe ta ta raka ki wajen Edna da sauran matan da ta kawo. Wadda take gaishe ki har yanzu ba ta rufe ƙofa ba.

Wasu za su karɓe ki da sanyi, wata ma ba za ta ba ki wurin zama ba. Ki jure, ba a dawo da yarda da ziyara ɗaya. Idan lokacin sharaɗin ya wuce kika ga kina son sake ginawa, kin riga kin san aikin, sai dai wannan karon ki nemi mataimakiya tun kafin ki gaji, kuma abin da kika yi wa mutane alkawari da baki ki sa shi a rubuce.

Ki daina guje wa bukukuwa. Ranar da kika fita zagayen nan, ki sa mayafinki mai kyau ki fita da safe, ba ɓarauniya ba ce ke, mai gyara ce. Allah Ya sassauta miki, Ya daidaita tsakaninki da ƙawarki, Ya buɗa wa Suwaibatu.

Anti Joda