Abin da Lauya Ta Gani a Kemis

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida maigidan, da fatan ciwon ƙafar ya yi sauƙi. Na zaɓi takarda a kan waya ne saboda kin san bangon ɗakinmu, ko tari na yi Lauya tana ji.

Ita ce ma dalilin rubutun. Ke kika laƙaba mata sunan nan tun tana 'yar shekara biyar saboda gardama, to yanzu tana sha shida gardamar ta kai mu inda ban zata ba. Hutun nan na bar ta tana taya mai kemis ɗin bakin titinmu jera magani, tunda abin da take son karanta ke nan. Ranar Talata ya aike ta ɗakin ajiya, ta tarar da kwalaben maganin zazzaɓin yara jiƙe cikin roba, ana ɓare musu takarda ana liƙa sabuwa. Ta karanta tsohuwar, wa'adin ya wuce da shekara biyu. Fitowarta ke da wuya sai ga wata mata da goyo tana miƙa hannu za ta karɓi kwalba. Lauya ta ce, "Baiwar Allah, kar ki ba yaron wannan, ya lalace." A gaban mai shagon fa, Yaya. Ya kore ta. Ita kuwa ko gida ba ta biyo ba, ta hau mota sai ofishin masu duba magunguna, ta rubuta sunanta da lambar gidanmu.

Sun zo sun garƙame kemis ɗin. Tun ranar wani mutum yake ajiye babur daura da shagon ɗinkina. Ba ya ɗaukar fasinja, ba ya cire hular kwano. Jiya sau biyu ina ɗinka hannun riga a baibai.

Ki ba ni shawara. Na bar ki lafiya.

Ƙanwarki

*

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Ƙafa tana nan yadda kika san ta, ta fi mai ita taurin kai.

Na karanta wa maigidan takardarki, ya ce a gaya wa Lauya ta biya shi. Ni ma haka. Shekara talatin ina shugabar makaranta ina fama da 'yan mata su buɗe baki ko sunansu su faɗa da ƙarfi, ke Allah ya ba ki wadda ta buɗe, kin zauna kina ɓata wa mutane riguna.

Mai babur wataƙila inuwar shagonki yake so. Ki rubuta lambar babur ɗin ki kai wa 'yan sanda, ki gaya wa maƙwabta. Abu ɗaya dai, kar ki nuna mata ta yi laifi.

Ki shafa mini kanta, in ta yarda ta tsaya.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa.

Babur ɗin ba shi da lamba. 'Yan sanda sun ce tunda bai taɓa kowa ba, titi na kowa ne. Maƙwabta kuma rabinsu haushinmu suke ji, wai mun rufe musu kemis mafi kusa.

Ranar Laraba da aka koma makaranta ya bi ta a hankali tun daga kwanar gidan mai har bakin ƙofarmu. Da za ta shiga ya ce, "Ki gaida Ummanki, tela. Ita kaɗai ce da ke, ko?" Washegari matar mai kemis ta zo shagona da yadi kamar mai kawo ɗinki, ta zauna tana shafa shi, ta ce 'ya mace ba ta da kyau da yawan shiga ofisoshi, hanya ba ta da tabbas. Ta kwashe yadinta ta fita.

Na yi abin da kika hana. Na karɓe makullinta na gida, kwana uku ban bar ta ta je makaranta ba. Ana cikin haka takarda ta zo, ana nemanta ranar Litinin ta maimaita abin da ta gani a gaban mai kemis ɗin da lauyansa. Na ce ba za ta ba. Ba ta yi mini tsawa ba, da ma ta yi. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Umma, wa ya ce mini in wani ya matse ni a mota in ɗaga murya kowa ya ji? Wa ya tura ni asibiti ni kaɗai ina 'yar sha biyu, ya ce in tambayi likita har sai na gane?" Na ce ni ce. Ta ce, "To wanne zan ɗauka, na da ko na yanzu?"

Tun rasuwar babanta nake koya mata komai, daga canza ƙwan lantarki har kallon mutum cikin ido, don kar ta tsaya jiran wani kamar yadda na tsaya. Yau ga ni ina sha'awar 'ya'yan mutane masu sunkuyar da kai. Kunya nake ji, amma tsoron ya fi kunyar.

Ƙanwarki

*

Ƙanwata,

Gaisuwa da ban haƙuri. Na yi miki ba'a a kan abin da ba na ba'a ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Wata ɗalibata ta taɓa kawo mini ƙarar wani malami. Na yaba mata, na ce ta tsaya a kan maganarta, sannan ranar da aka kira ta gaban kwamiti na tafi wani taro na bar ta ita kaɗai da maza shida. Daga zangon nan ba ta sake dawowa makaranta ba. Har yau ban san inda take ba.

Na share ɗakin baƙi. In kin sa Lauya a motar safe zan tare ta a tasha, ba kuma wanda zai zarge ki, ni dai ban isa ba. Amma ki tambaye ta tukuna, tambaya ta gaske, ki mayar mata da makullinta kafin ta amsa. In ta ce za ta je, ki rufe shago ki bi ta.

Allah ya tsare mana ita.

Yayarki

*

Inna,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Na gode da ɗakin, sai an yi hutu zan zo.

Mun je. Umma ta raka ni har ƙofar ofishin, na ce ta jira a benci. Kafin a kira ni sai da na yi amai a banɗaki, ita ba ta sani ba, kar ki gaya mata. Na faɗi abin da na gani. Sun ce za su sake nemana.

Mai babur yana nan. Yau na tafi makaranta ni kaɗai, Umma tana tsaye a ƙofar shago da tef a wuya har na sha kwana. Ban waiwaya ba, don kar ta ga fuskata.

Ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Lauya