Minti Goma Sha Ɗaya

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya. Yau kwana tara da ɓatan jirgin saman da Baban Yara ke tuƙawa. Kamfaninsu kullum sai "ana nema". Ke ce kike aiki gaban allon da ke nuna jirage, gaya mini gaskiya. Ba ke kika ce ko sauro ya tashi sai tauraron ɗan'adam ya gan shi ba? Yaran sun hana a ɗauke takalmansa daga bakin ƙofa.

Ki huta lafiya.
Yayarki

Yaya,

Ina gaida ki da yara. Zancen sauro cika baki ne na sabuwar ma'aikaciya. Tauraron ba ya ganin jirgi. Jirgin ne ke faɗa masa inda yake duk bayan 'yan daƙiƙu, shi kuma ya turo mana. Saƙon ƙarshe ya shigo ƙarfe 2:14 na rana, yana saman teku, tsayin ƙafa dubu tara. Daga nan shiru. Jiya aka janye ɗaya daga cikin jirage biyu masu nema.

Allah Ya ba mu haƙuri.
Ƙanwarki

Auta,

Ina amsawa. Kin cika ni da lissafi sai ka ce a aji muke. Me ya sa ba kya ɗaga wayata? Wa ke gaban allon ranar?

Ina jiranki.
Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa. Ni ce.

Na'urar jirginsa ta saba ɗaukewa, minti uku ko huɗu ta dawo. Har takarda aka manna gefen allon da lambar jirgin: "Wannan a jira shi." Watana biyu da fara aiki, na ji kunyar tayar da hankalin manya a banza. Na jira. Sai 2:25 na kira shi ta rediyo, bai amsa ba. A minti goma sha ɗaya irin jirginsa yana cin kilomita hamsin, kuma ba mu san ta wace fuska ba. Da na kira tun farko, wataƙila da ya faɗi inda yake. Na gaya wa masu bincike. Ke ce na kasa gaya wa.

Ki yafe mini in za ki iya.
Ƙanwarki

Auta,

Wasiƙarki ta iso. Yau da safe suka ce an daina nema. Na shigar da takalman ɗaki.

Kada ki zo tukuna. Ki riƙa cin abinci.

Yayarki