Ƙwayar Ranar Litinin

Salaga, 6 ga Yuni, 2023

Zuwa ga Yayana, Manjo Dokta Abdul-Gafar, Yendi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti Zuweira da yara. Na kira wayarka sau biyar ba ka ɗauka ba, shi ya sa na ba direban motar doya wannan takarda.

Yaya, ranar Juma'a aka kawo mini mijina Mutawakil daga barikin Bawku, kwance a bayan mota. Idanunsa sun yi rawaya kamar gwaiduwa, cikinsa ya kumbura, ko koko ba ya zama. Sojan da ya rako shi ya ce hutun rashin lafiya aka ba shi. Ya ajiye jakarsa ya juya, ko ruwa bai sha ba.

Mutawakil ya ce wata uku ke nan kowace Litinin ana jera su a asibitin bariki ana ba su wata farar ƙwaya, wai ana gwadawa ne a ga ko za ta kare sojoji daga zazzaɓin sauro. Ya ce kai ka ce masa ya shiga, ranar sunan autanmu Sa'id, tunda kai ne shugaban kwamitin da ke sa ido a kan binciken. Likitan asibitinmu na nan Salaga ya tambaye ni sunan ƙwayar, ban sani ba. Jiya da na ga abin ya ƙi, na karɓo jiƙon sassaƙe a kasuwa. Kurɓa biyu ya yi ya amayar.

Don Allah ka gaya mini abin da aka ba shi.

Ƙanwarka, Hawawu.

Yendi, 10 ga Yuni

Hawawu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Allah ya ba Kofur Mutawakil sauƙi.

Sunan ƙwayar sirri ne, ba ni da ikon faɗa miki, kuma ba abin da zai ƙara wa likitan naku. Rahoton wata uku yana gabana, ba sojan da ta yi wa illa. Mijinki ma, bisa takardu, shi da kansa ya fita daga binciken kafin ya kwanta.

Ki fahimci wani abu. Shekara shida ina bin ofisoshi kafin wasu masu ba da tallafi daga ƙasar waje su yarda su zuba kuɗi a wannan aiki. Da kuɗinsu aka gina ɗakin gwajin jini, da shi ake biyan ma'aikata. A ƙarshen Yuli za su zo su duba ko za su ci gaba. Magana ɗaya daga bakin mace a kasuwar Salaga ta isa ta rusa komai. Ki iya bakinki.

Maganar jiƙo kuwa, na yi mamakinki. Ƙanwar likita ce za ta ɗura wa mai ciwon hanta sassaƙe? Na adana wasiƙarki.

Ki gaida yara.

Yayanki, Abdul-Gafar.

Bawku, 17 ga Yuni

Zuwa ga Maman Sa'id.

Sallama da gaisuwa. Ba ki san ni ba. Sunana Sumaiya, nas ce ni a asibitin bariki, ni nake ɗiban jinin Kofur. Ban kira ki ba don ana duba wayoyinmu. Wata mai sayar da albasa ce za ta kawo miki wannan.

A mako na biyar gwaji ya nuna hantarsa ta fara taɓuwa. Na kai wa likitan da ke riƙe da binciken. Ya ce, "Ci gaba da ba shi. In muka rasa mutane kafin baƙi su zo, ke za ki biya albashinmu?" Na ci gaba. Da hannuna na ba shi sau bakwai bayan haka. Wata Litinin ya ce mini, "Sista, jikina ba daidai ba, a bar ni yau." Na ce umarni ne. Ya haɗiye a gabana.

Ranar da ya faɗi a fareti aka cike takarda cewa ya fita da kansa, aka mayar da kwanan watan baya, wai tun watan da ya gabata ya fita. Wanda ya fita ba a ƙirga shi a rahoto. Su huɗu aka yi wa haka. Ga kwafin takardar da na gwajin jinin.

Ki kai su Accra, wajen hukumar kula da magunguna, ko wajen lauya. Abu ɗaya nake roƙonki, kada kowa a kwamitin ya gani. Kowa, Mama.

Allah ya tashi kafaɗarsa.

Taki, Sumaiya.

Salaga, 26 ga Yuni

Yaya,

Assalamu alaikum. Mutawakil ya rasu ranar Alhamis bayan la'asar. An aika maka, ba ka zo ba. Kwana biyu na ƙarshe bai gane ni ba, yana ta sara wa bango kamar yana gaban ofisa, yana cewa ya sha ƙwayar, ya sha.

Na yi ta juya abin a raina, na kasa yarda cewa ka sani. Kai ka goya ni bayan rasuwar Baba, kai ka aurar da ni gare shi. Ga wasu takardu da wata nas ta aiko mini daga Bawku. Ta ce kada in nuna wa 'yan kwamiti, amma kai ba ɗan kwamiti ba ne a wurina, ɗan uwana ne. Duba ƙasan takardar fitar, akwai sa hannu mai kama da naka. Na tabbata ƙirƙira suka yi, suna cutar mutane da sunanka. Ina cikin takaba, ba zan iya zuwa Accra ba. Kai ka kai, za a fi sauraronka. Ka rufa wa yarinyar asiri.

Ƙanwarka, Hawawu.

Yendi, 3 ga Yuli

Hawawu,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Kofur, ya ba ki haƙuri. Taro ne ya riƙe ni.

Sa hannun nawa ne, ba wanda ya ƙirƙira. Takardun mallakar soja ne, na mayar da su inda aka sato su. Wadda ta sato kuma tana hannun hukumarta.

Yanzu ki saurare ni da kunnen basira. Tunda ya fita daga binciken, inshorar binciken ba ta shafe shi ba. Fanshonsa kuma ba zai fito ba sai an san abin da ya kashe shi, kuma irin wannan fayil yakan yi shekara biyar a kan tebur. Na shirya miki takarda, ga ta nan. Abin da ke ciki shi ne ke kika ba shi jiƙon sassaƙe a gida, daga nan jikinsa ya rikice. Ba ƙarya zan sa ki ba, da hannunki kika rubuto mini. In kin sa hannu, fansho zai fito kafin ki fita takaba. In kin ƙi, dole in miƙa wasiƙarki ga masu bincike, kuma a lokacin ba ni zan zaɓi kalmomin ba.

Mutum ɗaya ya tafi, dubbai za su tsira da wannan magani. Wata rana za ki gane. 'Ya'ya huɗu gare ki, kuma doya ba ta ciniki bana.

Yayanki, Abdul-Gafar.

Bawku, 14 ga Yuli

Maman Sa'id,

Gaisuwa da ta'aziyya. Kwana tara na yi a gadirum, kurkukun bariki. An tuɓe mini kaki, an rubuta wa hukumar nas-nas a soke lasisina. Sun nuna mini takardun, har da ambulan ɗin da na rubuta sunanki a kai. Abu ɗaya na roƙe ki.

Ban rubuto don faɗa ba. Wani kuma daga cikin huɗun ya rasu shekaranjiya, kuma har yanzu ana jera sauran ranar Litinin. Wani lauya a Tamale ya ce zai karɓi maganar, amma tunda ba takarda a hannuna, sai da shaidarki, ke matar Kofur. Ki faɗi yadda aka kawo miki shi, shi ke nan. Zan jira amsarki.

Sumaiya.

Salaga, 20 ga Yuli

Sumaiya,

Assalamu alaikum. Wasiƙarki ta same ni kwana uku bayan na sa hannu a takardar da yayana ya aiko, cewa jiƙon sassaƙen da na ba Mutawakil ne ya rikita jikinsa. An karanta takardar a gaban surukata da ƙannen mijina. Tun ranar ba ta amsa gaisuwata, kuma sun ce bayan arba'in za su ɗauki yaran.

In lauyan ya kira ni, abin da na sa wa hannu shi zan faɗa: ni na ba shi jiƙo.

Ban nemi ki yafe mini ba. Kada ki sake aiko mai albasa.

Allah ya kiyaye ki.

Hawawu.